Keken Inna

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon takin zamani da maganin feshi a Bagudo, na taɓa zama ɗan gidan motsa jiki. Wanda ya san ni zai yi dariya, domin ni ne mai sayar da taki da ba ya iya ɗaga buhun taki, sai na ƙwala wa maƙwabci kira ya kama mini. Ba ƙiba nake ragewa ba, don ba ni da ita, ba kuma ƙwanji nake nema ba. Saboda mahaifiyata na shiga.

Hawan jini ne ya kayar da ita a tsakar gida wata safiya tana shanya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Muka yi jinya a Birnin Kebbi. Baki ya daidaita, hannu ya fara dawowa, ƙafa ta ƙi. Ranar da za a sallame mu, ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya ja ni gefe ya ce kada mu bar ƙafar nan ta kwanta. Ya ce watannin farko su ne abin ji. In za a samu keken nan na motsa jiki da ake tuƙawa a wuri ɗaya ta riƙa hawa kullum, akwai fata. In kuwa aka yi sake gwiwa ta sandare, sai dai haƙuri.

Inna ba ta roƙi komawa kasuwa ba, ba ta roƙi zuwa biki ba. Abu ɗaya ne ke cin ranta, sallah a zaune. Matar da tun tana budurwa ba ta san zama a farilla ba, yau ga ta a kan kujera 'yar tsugunno tana ruku'u da ka. Ta ce da ni, "Ni dai in tsaya gaban Ubangijina da ƙafafuna, ɗan nan. Ba ni son komi bayan wanga."

A lokacin wuri biyu ake motsa jiki a garin. Na farko rumfar kwano ce kusa da tasha, samari na ɗaga siminti da aka zuba a gwangwani, kullum ka je ka biya na ranar. Babu keke, babu katanga, ba wurin da za ka kai tsohuwa ba ne. Na biyu sabo ne, na wani Alhaji da ya kwaso na'urori na hannu daga Kwatano, ya sa ƙofar gilashi da janareta. A can na leƙa na ga keken a lungu, baƙi, da kujera mai faɗi da abin dafawa. Wallahi ba ƙaramar murna na yi ba.

Sai dai Alhaji ba ya karɓar kuɗin wata, shekara guda ake biya a dunƙule. Kuma ya ce ba zai rubuta sunan mace ba, kada gari ya ɗauka da surutu. Na fito jiki a sanyaye, na nufi wurin abokina.

Abokin nan nawa tare muka tashi. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, a kwanon Inna ya girma, Inna yake ce mata kamar ni. Sana'arsa dillanci a bakin iyaka: babura, injin ban ruwa, duk abin da zai shigo ko zai ƙetare, to da bakinsa a ciki. Yana jin bayanina ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ce, "Don Inna? Tashi mu tahi. Alhaji mutumina na."

A gabana ya shirya komai. Za a rubuta sunana, ni ne ɗan wurin a takarda, amma da hantsi, lokacin da samari suka watse gona da kasuwa, sai in kawo Inna ta hau keke a rufe ƙofa. Alhaji ya amince. Muka haɗa hannu ni da shi, abokina ya ɗora nasa a sama ya ce Allah shi sa albarka, kamar yadda ake ƙulla kowane ciniki a wurinmu. Na sayar da shinkafar ranin da na noma a fadama na biya. Na sa hannu a wata takarda da ba ta ambaci Inna ba, ban kuma damu ba, tunda ga wanda ya tsaya.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk jinyar. In rufe shago da hantsi, in ɗauko ta a motar wani maƙwabcinmu, in ɗaura mata ƙafar hagu a feda da tsohon ɗankwali. Ta yi ta tuƙi a hankali tana tasbihi. Tana tsokanar keken, wai ita ba ta taɓa ganin abin hawa marar zuciya irinsa ba, a yi ta wahala bai kai mutum ko bakin ƙofa ba. Ni kuma don kada kuɗina su tafi a banza na gwada ɗaga wani ƙarfe, na kwana uku ba na iya sa riga. Ta yi dariya har da hawaye.

Kuma ƙafar ta fara ji. Wata azahar matata ta aiko a kira ni daga shago, na zo a guje na ɗauka wani abu ne ya faru. Na tarar da Inna a tsaye, hannu ɗaya dafe da bango, ta kai ƙarshen Fatiha kafin ta zauna. Na koma zaure na yi kuka inda ba wanda zai gan ni.

Ba a yi nisa da wannan ba muka je wata safiya muka tarar lungun wayam, sai shatin ƙafafun keken a ƙasa. Alhaji ya ce wani abu ne ya tsinke a ciki, nan babu mai iya gyara, an kai shi ƙetare, sati mai zuwa zai dawo. Na mayar da Inna mota. Sati mai zuwa ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. A gida ina kama ta muna zagaya tsakar gida, ina lanƙwasa mata gwiwa yadda aka nuna mini, amma ni kaina na ga ba ɗaya ba ne. Ƙafar ta fara nauyi.

Da na ga abin ba na ƙare ba ne, na yanke shawarar fita daga yarjejeniyar, a ba ni abin da ya rage in haɗa in nemo keke na hannu ko a Sakkwato ne. Ba ni da wata shinkafar da zan sayar sai wata kaka. Na sami Alhaji na faɗa masa cikin ladabi. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba.

Ya ce, "Malam, ni ban yi ciniki da kai ba. Bakin da ya ƙulla shi ka warwarewa. Kawo mutuminka, yanzu a gama."

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce wannan wace irin magana ce. Amma haka ake yi. Cinikin da dillali ya tsaya a kai, mai saye da mai sayarwa ba sa warware shi su biyu. In ka tsallake dillali ka kai ƙara, ka gaya wa duniya ke nan cewa bakinsa ba abin riƙewa ba ne, kuma dillalin da bakinsa ya mutu ya gama cin abinci a iyaka.

Na je wurin abokina. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, mi ya yi zahi? Keke na bisa hanya. In ka warware yau shi iso gobe fa?" Na koma, ya ce Alhaji ya yi tafiya. Na sake komawa, aka ce shi ne ya ƙetare. In na kira waya, sai "Ina tahe, aboki, ina tahe." Raina ya ɓaci na ce zan kai maganar gaban hakimi, Inna ta ji, ta sa aka kira ni ɗaki.

Ta ce, "Ɗan'uwanka za ka tona ma asiri saboda ƙafata? In ka yi ban yafe ba. Yaron ga bai taɓa yi min ƙarya ba."

To, ina zan sa kaina? Na zauna jira. Damina ta faɗi ina jira.

A garin Illo na bakin iyaka na ji gaskiya, ranar kasuwa, na kai wa wani abokin ciniki taki. Wani ɗan kabu-kabu da ya san mu tare ya tsaya muka gaisa, ya tambaye ni labarin abokina dillali, sannan ya fashe da dariya. Ya ce ba zai manta wahalar da suka sha ba ranar da suka ɗaure wani keke marar taya a bayan mashin suka ƙetare da shi. Na ce wane keke? Ya kwatanta shi tsaf, har kujerar mai faɗi. Na ce ai gyara aka kai shi. Ya ce, "Gyara? Lahiyatai lau! A tasha sai da kowa ya hau ya tuƙa muna dariya." Ashe wani mai masaukin baƙi ne a ƙetare yake son keke don baƙinsa, zai biya haya da sefa, abokina ya ji labari ya haɗa shi da Alhaji. Shi ya kawo cinikin, shi ya raka kayan, shi ya karɓi la'ada.

Ban san yadda na dawo Bagudo ba. Da ɗan gari kan ci gari, na sha jin wannan, amma ban taɓa zaton a cikin kwanonmu ɗan garin yake ba.

Bayan la'asar na sami abokina a ƙofar gidansa yana alwala. Ban ɗaga murya ba, na dai faɗi sunan ɗan kabu-kabun. Ya ajiye butar. Ya ce wallahi ya ɗauka ɗan lokaci kaɗan keken zai yi a dawo da shi, mai masaukin ne ya riƙe. Ya ce iyali gare shi, kasuwa ta tsaya, kuma in ya bari aka warware cinikina Alhaji zai daina ba shi aiki. Ya ce in rufa masa asiri kada Inna ta ji. Na ce, "Ka san dalilin da ya sa aka ce watannin farko?" Ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan da ke bin ƙasa.

Washegari muka tsaya mu uku a gaban ƙofar gilashin. Muka haɗa hannu, abokina ya ɗora nasa ya ce an warware. Shi ke nan. Ko shan ruwa ya fi shi daɗewa. Wannan kalma ɗaya ita na yi watanni ina bi, tana cikin bakin mutumin da ke zuwa gidanmu cin tuwo. Alhaji ya cire kuɗin duk watannin da suka wuce, har waɗanda babu keke, wai ai ƙofa a buɗe take, ƙarafa na nan, ni ne ban zo na ɗaga ba. Ban yi musu ba, na karɓi abin da ya miƙo na juya.

Sai da kaka ta yi na cika kuɗi na sayo wani keken a Sakkwato, na kafa shi a ɗakinta. Muka ɗora ta, na ɗaura ƙafar da ɗankwalin nan. Ta tura, feda ta yi rabin zagaye ta tsaya. Ta sake turawa har gumi ya keto mata, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ta ce, "Sauke ni, ɗan nan. Allah ya ga niyya."

Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa da keken bai tafi ba da ta warke ba. Abin da na sani shi ne na gan ta a tsaye da idona, kuma bayan keken ya ƙetare ban sake gani ba. Ta yi shekaru bayan haka tana sallah a kan kujerar nan. Ban taɓa gaya mata ba. Duk Juma'a abokina yana zuwa gaishe ta, ya durƙusa, ta sa masa albarka, ta ce a zubo masa tuwo da man shanu. Ni in tashi in bar gidan.

Mutane na tambayata ko na yafe. Ban kai shi ƙara ba, ban zage shi ba, muna gaisawa har yau, kuma mai saye in ya zo shagona ya tambaye ni dillali nagari ba na ɓata shi, shiru nake yi. Amma ciwon yana nan, ban iya ƙarya ba. Alhaji bai dame ni ba, ɗan kasuwa ne, riba ya gani ya bi. Abin da na koya kawai shi ne, duk cinikin da za ka shiga, ka fara tambayar ta ina ake fita, kuma kada ka bar ƙofar a hannun wanda kake jin kunya. Da baƙo ne ya cuce ni, da tun satin farko na ɗaga masa hankali. Kunyar ɗan'uwa ce ta zaunar da ni har ƙafar ta sandare.

Ranar da Inna ta rasu abokina ne farkon zuwa, yana kuka kamar ransa zai fita, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Da aka fito da makara ya riga kowa sa kafaɗa, a gaba, gefen hagu, ni ina dama. Har maƙabarta bai bari an karɓe shi ba, mutane na cewa kai, wannan ɗa ya cika ɗa. Ina jin numfashinsa kusa da kunnena. Da aka ajiye ta aka ce a daidaita sahu, ya matso ya haɗa kafaɗarsa da tawa. Sallar gawa ba ta da ruku'u ba ta da zama, a tsaye ake yin ta tun daga farko har sallama. Muka tsaya mu duka a kan ƙafafunmu, ni da shi da Alhaji a sahu na biyu, ita tana kwance a gabanmu.