Fiffiken Dama Da Ka Bar Mini

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Juma'a, tara ga Disamba, 2022, Allah Ya karɓi ran mijina, Injiniya Sunusi Garba Samaru, a nan Doha. Garin cike yake da baƙin gasar cin kofin duniya, ko'ina tutoci da kaɗe-kaɗe. Ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, zai ɗan kishingiɗa kafin mu tafi gona. Ina kicin ina zuba mana abinci a kula. Kafin motar asibiti ta iso gidanmu na Ain Khaled, rai ya yi halinsa.

Injiniya, abokan aikinka sun faɗi irin ƙwarewarka a gyaran manyan jirage. 'Yan uwanmu masu aikin gadi sun faɗi yadda ka riƙa ajiye musu tuwo a bakin ƙofa lokacin da aka killace su saboda korona. Duk gaskiya ne. Ni ƙaramin jirginmu zan yi magana a kansa, domin a can na san ka.

An kawo ni Doha ina amarya, rabin akwatina littattafan soyayya ne. A cikinsu na ƙera mijin da nake jira: mai kawo fure, mai magana kamar waƙa. Sai na tarar da mutum mai shiru, mai baƙin mai a farce. Ba a daɗe ba korona ta zo, jirage suka kwanta a ƙasa, aiki ya ragu. Wani abokin aikinka da aka sallama zai koma ƙasarsu, ya bar maka akwatunan katako cike da sassan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin wanda mutum ke haɗawa da hannunsa. Wani dattijo Balarabe mai gona a Umm Salal ya ara maka rumfa a bayan dabinai. Ka ce in an gama, a Zariya zai tashi, inda ka fara ɗaga kai kana kallon jirage kana yaro.

Jikin jirgin farantan alminiyom ne, ana haɗa su da ƙananan ƙusoshi, kuma mutum ɗaya ba ya iya aikin. Ɗaya yana waje da bindigar buga ƙusa, ɗaya ya zura hannu ciki ya tokare bayan ƙusar da dunƙulen ƙarfe har ta baje. Amininka Jonah, mutumin Kafanchan, shi ya kamata ya riƙe maka. Amma matarsa Victoria nas ce a ɗakin masu korona, ya ce ba zai kwaso mana cuta ba. Sai ka dube ni ina zaune a kan akwati da littafina.

"Hajiyar soyayya, ajiye littafin nan. Yarinyar labarin ba za ta auri kowa ba kafin ki dawo. Kawo hannunki."

Hannuna ya shige cikin fiffiken har kafaɗa, inda naka ba ya kaiwa. Ba ma ganin juna, ƙara kuma ba ta barin a ji magana, don haka ka koya mini alamar masu wannan aiki: in na ƙwanƙwasa sau ɗaya, ka ƙara bugu, in sau biyu, ya isa. Haka muka yi fiffiken hagu, da wutsiya, da gangar jiki, cikin zafin da ke sa ƙarfe ya ƙona yatsa. Ban taɓa karanta labarin da miji ya ba matarsa dunƙulen ƙarfe ba. Amma a nan na gane cewa duk lokacin da ka danna bindigar nan, ka yarda ne ina wurin, ko da ba ka ganina.

Ina alfahari da yadda kake aiki. Akwai ranar da ka cire layin ƙusoshi guda, waɗanda ke can ciki inda ido ba zai sake kaiwa ba, saboda ba su kwanta yadda kake so ba. Na ce wa zai gani. Ka ce, "Iska za ta gani, Na'ima." Ba ka taɓa cewa "khalas", wato an gama, a kan aikin da zuciyarka ba ta natsu da shi ba, ko da Jonah, wanda ya dawo taimaka mana bayan cutar ta lafa, yana tsaye yana cewa, "Yalla, yi sauri, Bazazzagi, so kake mu tsufa a rumfar nan?"

Sannan ka shiga sauya jirgin ya zama namu. Ka ƙara masa ƙofofin shan iska saboda zafin ranar Arewa. Ka sa masa tayoyi masu faɗi don ya iya sauka a filin da ba kwalta. Ka ɗinka aljihu a gefen kujera daidai girman littafi, ka ce ka san halina. Wata rana ka zaunar da ni, ka auna tsawon ƙafata, ka yi mako guda kana gyara matakan ƙafa su riƙa matsowa. Da na leƙa, sai na ga a kujerar hagu ka yi gyaran. Na ce ka yi kuskure, ai wannan ta matuƙi ce. Ka ci gaba da ɗaure noti, ka ce, "Na sani."

Abin da ya rage yanzu shi ne rufe fiffiken dama. A Juma'ar da ka rasu muka shirya farawa. Yana can a kan teburi da cikinsa a buɗe, ramukan da ka huda suna jere, bindigarka tana rataye inda ka bar ta.

Yaya Dikko, babban yayanka, ya kira ni daga gida. Ya yi magana da tausayi. Ya ce an sami mai son injin da farfelar, sauran a bar wa mai gona, ni kuma in tattara in dawo, kada in ɗora wa kaina abin da ya fi ƙarfina. Na san alheri yake nufi. Amma in aka cire injin, abin da ka yi kusan shekara uku kana ginawa ya zama tarin gwangwani, kuma babu ƙusa ɗaya a jikinsa da ban riƙe bayanta ba. Jonah ya ce zai duba kowane layi kamar yadda kake dubawa. Dattijon gonar ya aiko cewa rumfar tana nan. Victoria ta zo mini gaisuwa, ta naɗe hannun rigarta ta ɗora hannunta kusa da nawa, ta ce, "'Yar uwa, duba. Zai shiga."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sunusi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka karɓi aikinsa na ɓoye da na sarari, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, Hajiya Alimatu, wadda ta rasa ɗa irin wanda ba a samu sau biyu. Ga Yaya Dikko da dukkan dangi a Samaru. Ga Jonah da Victoria. Da 'yan Arewa mazauna Doha da suka cika maƙabarta ranar da aka kai shi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Hajiya, Yaya, ku gafarce ni, ba zan sayar da ko noti ɗaya ba. Idan na fita takaba zan koma Umm Salal. Victoria za ta riƙe ƙarfen, ni zan ɗauki bindigar, mu rufe fiffiken dama. Daga nan a sa jirgin a kwantena zuwa Zariya, ni kuma in shiga koyon tuƙi.