Ranar Da Na Saukar Wa Gwaggo Ƙwarya

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a gabana aka yi ta, da hannuna a ciki. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Ina faɗi ne jikata tana rubutawa.

A Madarumfa, a shekarun da gyaɗa ke da daraja, kafin fari ya zo, ƙanwar mahaifina ce zabiyar unguwarmu. Gwaggo muke ce mata. In ana suna ko biki ita ke ba da waƙa, mata suna amshi, ni kuma ina kiɗan ƙwarya. Lokacin ina da goyon fari.

Kiɗan ba shi da wuya a ido. A cika masaki da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a buga. Amma ƙwaryar tana da murya. In ka ɗaga bakinta ta sha iska, muryar sai ta yi kauri, ta sauka. In ka danne ta ta yi gyatsa, sai ta sirance, ta hau. Inda ƙwarya ta tsaya, nan duk mai waƙa ke dafawa. Shi ya sa tun kafin a fara Gwaggo kan yi gunaguni a hanci, ni kuma in yi ta gyara har muryoyinsu su haɗu. Da an fara, ba a sake taɓa ta. Haka muka tarar.

Cikin masu amshi akwai wata tsohuwa, Iya mai kifi, wadda ba ta bin hanyar kowa. Mata suna bisa, ita tana ƙarƙashinsu, amma in sun sauka sai ka ji sun sauka a kanta daidai. Gwaggo kan ce mata, "Ke dai kwaɗin tafki ne suka yi renonki."

Iya ta ce, "To, ranar da ban zo ba ai kin ji yadda kuka koma, kamar miya ba daddawa."

Akwai kuma wata amaryar maƙwabtanmu, muryarta siririya, tana hawa ba wahala. Yarinyar kirki ce. Sai dai muna da wata al'ada da ba wanda ya san mafarinta: in muryar zabiya ta karye a tsakiyar taro, wadda ta ɗauke waƙar daga bakinta, ita za a riƙa kira daga ranar.

Wata damina tari ya kwantar da Gwaggo har aka yanke gero. Ta tashi, amma saman muryarta bai tashi tare da ita ba. Sai ga kiran suna daga garin Gabi. Muka hau bayan kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, har da Iya da amaryar, na rungume masaki. A hanya na ce, "Gwaggo, ko in aje ƙwaryar ƙasa kaɗan yau?"

Ta ce, "Ƙwaryar ubanki ce ko tawa? Inda kika saba."

Bayan la'asar mata suka cika tsakar gida. Na aje ƙwarya inda na saba. Waƙar yabon mai jego ce, mai hawa uku, kowane ya fi na baya tsawo. Na fari ya wuce lafiya. A na biyu na ga jijiyar wuyan Gwaggo ta miƙe, ta kama bakin zanenta ta murɗe. Na dubi amaryar, na ga ta ja numfashi. Ba mugunta ba ce. Haka aka koya mata, kada waƙa ta faɗi ƙasa.

In na saukar da ƙwarya kai tsaye, kowa zai ji, abin ya zama na tona wa Gwaggo asiri da hannuna. In na bari, za ta karye. Na dubi Iya. Ba mu taɓa shirya komai ba.

Amshin yana ƙarewa ne a kan wata murya ta ƙasa, ita ce Iya ke riƙewa kullum. Ran nan, da aka zo wurin, sauran suka yi shiru, ita ba ta saki ba. Ta ja ta, ta ja ta, tana kallona. Sai na gane. Muryar nan da take ƙasan waƙar, za ta iya zama tsakiyarta in an koma sabon wuri. A ƙarƙashin jan nata na sa yatsa na ɗaga bakin ƙwarya, ta sha iska, na buga. Ta zauna ƙasa, daidai da muryar Iya, suka dace kamar tare aka haife su.

Gwaggo ta ji. Na ga ta rufe ido. Sannan ta taka muryar Iya ta shiga hawa na uku daga sabon wurin, a ƙasa, da faɗi, irin muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Masu amshi suka bi ba su san sun sauka ba. Mai jego ta sa gefen mayafi tana share ido. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Da muka fito Gwaggo ba ta dube ni ba. Sai da muka kai bakin hanya ta ce, "Wa ya ce ki taɓa mini ƙwarya?"

Iya ta ce, "Iska ce ta shiga, Yaya. Ke ma ai ita kike nema."

 Can Gwaggo ta ce mini, "Gobe ki zo mu nemi wurin a sauran waƙoƙin."

Mun kuwa nema. Kowace waƙa tana da irin muryar nan da ake tsallakawa ta kanta, sai dai wata ta fi wata ɓoye ta. Ashe haka ake hawa ma, ba sauka kaɗai ba.

Gwaggo ta ci gaba da waƙa har shekarun fari, lokacin da bukukuwa suka ragu. Da kanta ta kama hannun amaryar nan a gaban mata ta miƙa mata waƙar, ba a ƙwace daga bakinta ba. Amaryar daga baya ta bi mijinta zuwa garin Ɗan Issa, ta shahara a can. Iya ta rasu tana sayar da kifinta, Allah ya jiƙan su duka. Ni ce na saura. Hannuna ya daina kiɗa, amma kunnena bai daina aiki ba: ko a radiyo na ji waƙa ta sauya wuri, sai na tsaya na nemo wanda ya riƙe musu muryar da suka taka.