Wata Uku a Kududdufin Tarauni

Shekarar da Alhajin unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ya ce yana neman saurayi ɗaya mai ƙarfin gwiwa, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ba aure, ba sana'ar kirki. Alhaji fatauci yake yi na atamfa. Yana son wanda zai riƙa zagaya barikokin masu haƙar kuza a duwatsun Jos bisa keke, yana sayar masa. Mu biyu muka nemi aikin, ni da wani abokina da muka yi makarantar allo tare, malalacin da ko rijiya aka aike shi sai ya zauna ya huta. Alhaji ya ce bayan kaka zai tafi da mu duka, wanda ya iya da hanyar shi ke da aiki.

To, ina dutse a wajenmu? Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Hotoro gonaki ne shimfiɗe kamar tabarma. Sai na samo wani kududdufi a bayan Tarauni, inda magina suka ƙwaƙule ƙasa har ya yi zurfin gida biyu. Kullum da hantsi nakan ɗaure buhun gyaɗa a bayan keken mahaifina, in tura shi can ƙasa, in hau in tako sama. Da farko faɗuwa nake yi, mata masu wucewa da tallan nono suna dariya. A wata na biyu ina hawa sau ashirin ban sa ƙafa ƙasa ba. Ran Juma'a kuwa sai in tafi Gwauron Dutse in gwada kaina. Cinyoyina suka yi tauri, wando ya daina shigata, girman kai ya shige ni. Abokina yana gindin tsamiya yana shan rake.

Keken ba shi da birki, kuma ban ga laifin hakan ba. A garinmu idan robar birki ta cinye, diddige ake ja a ƙasa, keke ya tsaya. Har ƙarafan birkin na cire don a rage nauyi. Akwai wani dattijo Kirista mutumin kudu da ke gyaran keke a bakin hanya, ya taɓa zama a Jos. Ya dubi keken, ya dube ni.

"Ɗana, wa ya cire wannan?"

"Ni ne, Baba. Hawa zan yi, ba tsayawa ba."

"In ka hau, a can za ka zauna? Kawo in mayar maka."

Na yi dariya na wuce. Har yau ina jin haushin wannan dariyar.

Jirgin ƙasa ya sauke mu Jos, kowa da keken da ya taho da shi daga gida. Washegari aka ɗaura wa kowannenmu dilar atamfa guda a bayan keke, Alhaji ya yi gaba a motar kaya, ya ce mu same shi a bariki. Hawan farko ya fi kududdufina sau goma, amma na taka shi har ƙarshe, ƙirjina kamar zai tsage. Da na waiga sai ga abokina can ƙasa, ya sauka yana tura kekensa, yana tauna goro. Mutanen wurin ma kowa turawa yake yi. Ashe ba wanda ya ce sai an hau.

Gangaren ne ban taɓa koya ba. A kududdufi kullum da ƙafa nake sauka. Keke ya ɗauki gudu, na sa diddige, takalmin ya fice, fata ta bi shi. A lanƙwasa ta biyu keken ya bar hanya da ni.

Abokina ne ya tsince ni cikin duwatsu, ƙafar hagu ta karye biyu. Ya fara tattara atamfar Alhaji tsaf, ya kakkaɓe, sannan ya nemo masu ɗaukata. Ban ce ya yi laifi ba, amma ban manta ba.

Shi ya sami aikin, ya yi shekaru yana tura keke a kan duwatsun nan har ya gina gidan bulo a Darmanawa. Ni kuwa maɗori ya ɗora ƙafar ta kama a karkace. Da na soma fita da sanda, hanya ɗaya ce zuwa masallaci, ta gaban rumfar dattijon nan. Ya ga ƙafar, sai ya jawo mini benci. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.