Baƙin Mai a Hannun Daudu

Duk wanda ya taɓa kai a-kori-kura wajen Daudu Kafinta a Kazaure don a ɗaura mata bodin katako ya san abu ɗaya: ba zai karɓi motarsa ranar da yake so ba. Ka yi magiya, ka yi fushi, ka ce kasuwar Babura za ta wuce ka, Daudu zai dube ka ne kawai ya ce fenti bai bushe ba. In ma ya bushe, da sauran aiki. Sai ya sa an tura motar cikin rana ta sha zafi tun hantsi har azahar, sannan ya ɗauko wani farin yadi ya shimfiɗa a kan katakon, ya hau ya zauna a kai. Babban mutum da furfurarsa, zaune a bayan mota da tsakar rana kamar buhun gero. In ya sauko sai ya ɗaga yadin ya duba ciki da baya. Direbobi suna yi masa dariya, wasu su ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ba tsufa ba ne. Kunya ce, yau shekara goma sha ɗaya ke nan tana cin sa.

Asalinsa mutumin Roni ne. Gonar mahaifinsa duwatsu sun fi ƙasa yawa a cikinta, shi ya sa da ya tasa aka kawo shi Kazaure wajen Malam Sama'ilu, wanda a lokacin babu mai ɗaura bodin mota kamarsa daga nan har Gwiwa. Malam Sama'ilu 'ya'ya mata kawai Allah ya ba shi, don haka shi da matarsa Dela suka riƙe Daudu riƙon ɗa. A gidan yake ci, a zauren gidan yake kwana, su suka yi masa aure. Har mutane suka manta da Roni, suka koma kiransa Daudun Malam Sama'ilu. In kana son ganin haƙoran Daudu, to ka kira shi da wannan suna. Ba shi da abin da ya fi shi a duniya.

Shekarar da Malam Sama'ilu ya je aikin hajji, bai dawo da wata tsaraba ta kirki ba sai dabino da farin yadi ƙwarya ɗaya, wanda ya wanke da ruwan zamzam da hannunsa. Likkafaninsa ke nan. Daudu ne ya haɗa masa ɗan akwati da ragowar katakon maɗaci aka ajiye shi a ciki. Duk shekara Dela takan fito da yadin ta shanya shi a inuwa ta mayar, tsohon kuma ya riƙa tsokanarta yana cewa ta bi masa rigarsa a hankali, ita kaɗai ce ba ta aro ba.

To, a wajen aiki tsohon nan yana da ƙa'ida guda da ba ya wasa da ita. Katakon bayan mota maƙiyansa uku ne: ruwa, rana da gara. Ƙasan bodi, ɓangaren da ke kallon hanya yana shan taɓo, shi ake shafa wa baƙin mai, wato tsohon man inji da bakanike ya juye daga mota. Gara ba ta kusantar sa, ruwa ba ya kama shi. Amma saman, inda kaya da mutane ke zama, baƙin mai ba ya hawa ko ɗigo. Sai a goge shi da samfefa ya yi sumul, a yi masa shafin farko, a bar shi kwana biyu a inuwa, sannan fentin mai sau biyu, kowane da kwanakinsa. Mako guda cur. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Baƙin mai ba ya bushewa, ɓuya yake yi. Ran da zafi ya zo zai fito."

Daudu ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana jin wannan magana, har ta gundure shi. Da ƙarfin tsohon ya ja baya, Daudu ya buɗe tasa rumfar kusa da tasha, aiki ya yi ta zuwa, kai kuma ya fara kumbura. Ya ga wasu kafintoci suna sirka baƙin mai da man gas su mulka wa bodi gaba ɗaya, sama da ƙasa, washegari a ba mai mota abinsa. Katakon ya yi duhu ya yi kyau, direba ya tafi yana sa albarka. Daudu ya ce a ransa, to ni me ya hana ni? Wayon da na fi su ne zai sa in riƙa riƙe motar mutum mako guda?

Motar farko da ya yi wa haka ta Muhammad Sani ce, wani direba ɗan unguwar su Malam Sama'ilu mai jigilar hatsi da awaki zuwa kasuwar Gwiwa. Lokacin sanyi ne. Ana cikin shafawa sai ga tsohon tafe da sandarsa, ya biyo ya gaida mutane kamar yadda ya saba. Tun daga nesa hancinsa ya gaya masa. Ya matso ya ɗora yatsa a kan katakon, ya shinshina.

Ya ce, "Daudu, har sama?"

Da a ce su biyu ne kawai, da wataƙila Daudu ya sunkuyar da kai. Amma rumfar cike take da direbobi da kafintocin maƙwabta, kowa ya kasa kunne. Sai Daudu ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba, ai zamani ya wuce nan. Yanzu an sami yadda ake haɗa shi ya bushe ƙarau. Ku dai ku huta, ku bar mana."

Ku bar mana. Mutumin da ya koya maka riƙe zarto! Aka yi dariya, ba mai yawa ba, amma an yi. Tsohon ya goge yatsansa a jikin sandarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya. Bai sake taka rumfar ba, ko da yake duk Juma'a in Daudu ya je gaisuwa yakan karɓe shi kamar ba a yi ba.

Kuma ga dukkan alamu Daudu ne ya yi gaskiya. Wata uku motar tana aiki, katako garau, babu wanda ya kawo ƙara. Wa zai duba gindin buhun gero ya ga ko ya yi baƙi? Akuya kuwa ba ta magana.

Cikin bazara, lokacin da zafi ke hana ƙadangare sakat, Malam Sama'ilu ya rasu bayan sallar asuba. Ya bar wasiyya a kai shi ƙauyensu da ke gaba da Gwiwa a binne shi kusa da mahaifinsa. Aka yi masa wanka a gida, Dela ta buɗe akwatin nan ta miƙo yadin, aka suturta shi. Daudu yana cikin waɗanda suka naɗe shi, ya ga yadda yadin yake fari tas bayan shekara goma sha bakwai. Muhammad Sani, da yake maƙwabci ne, tun da safe ya kawo motarsa ƙofar gida ya ce ba wanda zai kai Malam sai shi. Nan ta tsaya a rana har aka gama.

Makarar masallaci ta ƙarfe ce, ta fi bayan motar tsawo, sai aka ce a shimfiɗa tabarma kawai a kwantar da shi. Daudu ne ya hau don ya shimfiɗa. Yana ɗora ƙafa ya ji warin. Ya duba, ya ga katakon yana ƙyalli, yana gumi baƙi daga kowace tsaga. Tabarmar kuwa ta kaba ce, tsohuwa, ana hango ƙasa ta cikinta.

A nan ne fa Daudu ya yi abin da har gobe bai yafe wa kansa ba. Kalma ɗaya ta ishe shi. A kawo kwali, a kawo leda, a kawo ƙyauren ɗaki ma in ya so. Amma ya ɗaga kai ya ga fuskokin da ke ƙasa, kusan duk waɗanda suka yi dariya ran nan suna wurin. In ya ce a dakata, sai an tambayi dalili, in an tambaya sai ya faɗa da bakinsa, a gaban gawar. Ya ce a ransa tafiyar ba nisa, ba zai kai ga yadin ba. Ya shimfiɗa tabarmar ya ce a miƙo.

Tafiyar ta yi nisa. Bayan Gwiwa kwalta ta ƙare, aka shiga burji mai ramuka, motar tana girgiza, rana a tsakar ka. Daudu yana zaune a gefen bodi ya dafa kafaɗar mamacin don kada ya gangara. Mutane suna ta salati, shi kuwa idonsa yana kan bakin tabarma, yana kallon yadda take canza launi a hankali. Sau biyu ya buɗe baki ya rufe.

Da aka iso aka ɗaga gawar, sai tabarmar ta biyo ta, ta manne. Aka ɓamɓare. Tun daga kafaɗa har diddige, bayan likkafanin ya yi baƙi wuluk, da zanen saƙar kaba a jiki layi-layi. Wani ya ce innalillahi a hankali. Muhammad Sani ya dubi motarsa, ya dubi Daudu, ya kawar da kai. Babu wanda ya ambaci sunan kowa, kuma wallahi da an zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wani ya ce a nemo sabon yadi a Gwiwa. Limamin ƙauyen ya taɓa wurin ya shinshina, ya ce mai ne, ba najasa ba ne, kuma ba a ajiye mamaci cikin zafin nan saboda tabo. Wannan yadin shi ya zaɓa wa kansa, da shi zai tafi. Aka yi salla. Da aka zo kabari liman ya ce, "Ina ɗansa? Ya shiga ya karɓe shi." Mutane suka dare, suka ba Daudu hanya. Ya shiga. Ya tallafo tsohon ta baya, daidai inda man yake, ya kwantar da shi ta gefen dama. Da ya fito, tafukan hannunsa biyu baƙi ƙirin. Ya murza da ƙasa, ya murza da ganye, abin ya shige cikin zanen fata ya zauna. Haka mutanen ƙauye suka yi layi suna ba shi hannu suna cewa Allah ya ba ka haƙuri, shi kuma yana miƙa musu wannan hannun.

Sun dawo Kazaure bayan la'asar. Mazan da suka je, ba tare da sun yi shawara ba, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, don kada maganar ta shiga cikin gida. Daudu ya so ya sulale, sai aka ce Dela tana kiransa.

Ya same ta a bakin ƙofar ɗakinta, mata sun kewaye ta. Ya durƙusa, hannuwansa cikin aljihun riga.

Ta ce, "Daudu, an ce kai ka sa shi a kabari."

"Ni ne, Inna."

"Da rigarsa ya tafi ko? Ba a canza masa ba?"

"Da ita ya tafi."

"Fes dai ko? Shekara goma sha bakwai ina kula masa da ita."

Ya ji bakinsa yana cewa, "Fes, Inna."

Ta ce alhamdulillahi. Sai ta juya ta jawo ɗan akwatin maɗacin nan, babu komai a ciki yanzu. Ta ce Malam ya faɗa mata tun tuni, in an fitar da yadin a mayar wa Daudu akwatinsa, shi ya yi shi, kuma ya ce bai taɓa ganin haɗin kusurwa mai kyansa ba. Ta miƙo da hannu biyu. Babba ya miƙo maka abu da hannu biyu, ba ka da yadda za ka yi. Daudu ya fito da nasa.

Dela ta daɗe tana kallon hannuwan. Matar kafinta ce ta shekara hamsin, ta wanke rigunan aikin mijinta har ba ta san adadi ba, ta san warin nan kamar warin miyarta. Ba ta tambaye shi ba. Ta saki akwatin a hannunsa, ta juya ga wata daga cikin 'ya'yanta ta ce, "Bahijja, kawo wa yayanku toka da sabulu. Bai ci komai ba tun safe."

Washegari Daudu ya je gidan Muhammad Sani da guduma, ya ɓalle katakon nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura sabo, ya riƙe motar mako guda. Tun daga ranar, in wani ya kira shi Daudun Malam Sama'ilu, sai ya ce a'a, a ce Daudu Kafinta kawai. Dela ta ƙara shekara huɗu a duniya. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ta, duk Juma'a yana shiga da niyyar ya faɗa mata, ita kuma ta tare shi da tambayar iyali da aiki har lokacin tafiya ya yi. Ran da ta rasu, shi ya hau bayan motar da za ta kai ta, ya shimfiɗa farin yadinsa ya zauna a kai, mutane suna jira a rana. A cikin akwatin maɗacin yake ajiye yadin. A jikin murfin akwai tabon yatsu huɗu, bai taɓa sa masa samfefa ba.