Ajin da Aka Hana Waƙa

Babu wanda ya yi wa darasin kiɗa da waƙa hidima a makarantar nan kamar Malam Mu-je. Shekara goma sha tara ya yi yana koyar da shi, ya yi digiri na biyu a kansa, ya rubuta kundi mai shafi ɗari da sittin don ya kare shi. Shi ne kuma ya yi sanadin cire shi daga jadawali.

Yara ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya fara waƙa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗaya, biyu, uku, mu je!" Sunan ya bi shi har wajen mai gyaran babur ɗinsa.

Ɗakin darasinsa yana can ƙarshen baranda, inda aka tura shi don kada ya dami jama'a. Akwai ganguna huɗu, ɗaya a fashe, da sarewar roba ashirin cikin bokiti, da tsohuwar fiyano wadda maɓallai uku na tsakiyarta suka mutu tun kafin zuwansa, har yaran makarantar suka saba tsallake sautukan nan ko da baki suke rera waƙa. Kowane aji yana da minti arba'in a mako, kuma minti arba'in ɗin nan su ne duk abin da Malam ya mallaka a duniyar aiki.

Duk shekara, idan aka zauna tsara jadawali, sai Malamar Lissafi ta gyara tabarau ta ce, "Fisabilillahi, Malam, waƙar nan tana fitowa a jarrabawar ƙarshe?"

"Yaran suna jin daɗi," in ji shi.

"Suna jin daɗin hutu ma."

Sai a yi dariya, a bar masa mintocinsa kamar sadaka. Abin ya daɗe yana cin sa a rai. Ya yanke shawarar zai je jami'a ya samo hujja, irin wadda ake ɗaurewa da baƙin bango, wadda babu mai yi mata dariya.

"A waɗannan shekarun naka?" in ji matarsa. "Furfura ta fara leƙowa za ka koma rataya jaka? To Allah ya ba da sa'a, ɗan makaranta. In sa maka ruwa a gora?"

Haka ya shiga zirga-zirga. Ranar Asabar da lokacin hutu yana jami'a, tafiyar awa biyu a bas, yana duba takardun yara a kan gwiwa. Teburin cin abinci ya koma na takardu, iyali suka koma ci a tabarma.

Wanda aka ba shi ya duba aikinsa wani Dakta ne, masanin koyar da kiɗa, wanda babu ɗalibin da ya taɓa jin ko fito ya yi. Ya saurari Malam, ya ce, "Jin daɗi ba a auna shi, Malam. Ka nemo aji biyu masu ƙoƙari ɗaya. Ɗaya ka ci gaba da koya masa, ɗaya ka dakatar masa zango biyu. Sai mu gwada sakamakon jarrabawarsu. Alƙaluma za su yi maka magana."

Aji biyun da suka dace su ne 2A da 2B. Autarsa tana 2B, kuma duk makarantar babu mai busa sarewa kamarta. Malam ya yi kwana uku yana tunani, ya ga idan ya bar wa 2B waƙa za a ce ya fifita 'yarsa. Sai ya zaɓi ajinta ya hana.

"Baba, laifin me muka yi?"

"Ba laifi ba ne, Auta, bincike ne. Zango biyu kawai."

Ranar Laraba ta farko, a lokacin waƙar 2B, yara arba'in suka samu kansu babu malami na minti arba'in, suka yi abin da yara arba'in ke yi. Shugaban makaranta ya fito daga ofis da fushi. Nan Malamar Lissafi ta ce, "Bar mini su, Malam, in riƙe maka kafin ka gama." Malam ya yi mata godiya har sau biyu. Dakta bai taɓa tambayar abin da 2B ke yi a wannan lokaci ba, domin rabonsa da ganin ajin da babu malami tun yana ɗan aji.

Wata ranar Lahadi da hantsi, Malam yana kan babi na uku, sai ya ji sarewa daga tsakar gida. Auta ce, tana bin waƙar da ta riƙa jiyowa daga ƙarshen baranda 'yan 2A na koyo. Ya tsaya yana saurare, domin ta kama ta daidai, har inda fiyano ke tsallakewa ta cike. Sannan ya tuna. Ya fita ya miƙa hannu.

"Kawo. Ke kina rukunin da ba a koya wa. Za ki ɓata mini sakamako."

"Yau na ga ikon Allah," in ji uwarta daga bakin murhu. "A gidan ma?"

"Dakta ya ce kada komai ya gauraya."

"Dakta ne ya haife ta?"

Ya sa sarewar a aljihun tebur, ƙarƙashin takardu. Auta ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi sau biyu ko uku yaushe za a dawo musu, daga nan ta daina tambaya.

Da sakamako ya fito, aji biyun sun yi kunnen doki a komai, sai a lissafi. A nan 2B, waɗanda aka hana waƙa, sun wuce 2A da maki goma sha ɗaya. Malam ya sake tarawa sau uku, amsar ba ta motsa ba.

"To ka musanya sunayen ajin mana," in ji matarsa. "Wa zai sani?"

"Haba, ke kuwa."

"Wasa nake. Na san ba za ka iya ba, shi ya sa na aure ka."

Dakta kuwa murna ya yi, ya ce sakamako ne mai ban sha'awa. Malam ya jera alƙaluman a shafi na tamanin da huɗu yadda suke. A babi na biyar ya yi shafi goma sha biyu yana bayanin cewa 2B sun samu ƙarin darasin lissafi ne duk mako, don haka gwajin bai nuna komai game da waƙa ba. Aka ba shi digiri. Ya sa riga da hula, aka ɗauki hoto, hular ta ɗan karkace. Ya kai wa shugaban makaranta kwafi ɗaya da sa hannunsa.

Shugaban ba mutum ne mai karatu ba, ko takardar neman izini sai an taƙaita masa. Amma Malamar Lissafi ta taimaka ta naɗe masa kusurwar shafi guda.

Bayan mako ɗaya ya kira Malam ofis. "Malam, ka fitar da mu kunya. Ka buɗe mana ido. Maki goma sha ɗaya!"

"Ranka ya daɗe, babi na biyar ya yi bayanin..."

"Zan kai gare shi, zan kai. Kuma mutum mai digiri biyu bai kamata a bar shi da bokitin sarewa ba. Mun ba ka ofishin jadawali da jarrabawa."

Hujjar da ta rage wa Malam ita ce yaran suna jin daɗi. Ya yi godiya ya fita. Da sabuwar shekara ta zo, shi ya ja layukan jadawali da rula, shi ya rubuta "Lissafi" a gurbin waƙa, aji bayan aji, da kyakkyawan rubutunsa.

Ranar da ya kwashe takardu daga teburin gida ya ci karo da sarewar. Ya goge ta da gefen riga ya kai wa Auta.

"Ga ta, an gama."

Ta juya ta a hannu, ta ɗora yatsu, ta ɗage. "Ajiye kawai, Baba. Yatsuna sun manta."

Yau shekara shida ke nan. Auta tana koyon haɗa magunguna, kuma ana yabon ta. Ɗakin ƙarshen baranda ya zama ma'ajiyar kujerun da suka karye, fiyano tana ƙarƙashinsu, makullin yana cikin makullan Malam don babu wanda ya nema. Sababbin yara suna kiran sa Malam Mu-je, suna zaton don yana korar masu makara ne. Kundin yana kan kantar ofishin shugaba. Malam ya taɓa ɗauko shi yana jiran sa hannu, ya tarar shafukan babi na biyar a manne da juna tun daga wurin mai ɗaurin littafi.

Duk ƙarshen zango shi ke tara sakamakon makarantar baki ɗaya. Na lissafi yana nan inda yake tun kafin ya tafi jami'a.