Labbo Direba a Bakin Inna

A garinmu Liba, lokacin muna yara, talabijin ɗaya muka sani, ta gidan wani maƙwabcinmu mai sayar da taki. A cikinta muka haɗu da Labbo, direban babbar mota a wani wasan kwaikwayo, mai jar hula da dariya kamar ƙwarya ta faɗi. A wasan, ya yi lodi ya tafi kudu, ya bar tsohuwar uwarsa tana jira. Ana cikin haka talabijin ta ƙone. Wayyo, ranar har da masu birgima a ƙasa!

Muka kwaso kukanmu muka kai wa kakarmu Inna, tana bakin wutar karan dawa tana gasa mana dankali. Ita ko allon talabijin ba ta taɓa kallo ba. Ta sa muka ba ta labarin tun daga farko, sannan ta dube ni.

"Kai mijin banza, share majina. Ni na san inda Labbo ya kwana. Ga ta nan tafe, ku tare ta."

Daga ranar gizo ya huta. Kullum bayan sallar isha'i Inna sai ta ɗauko Labbo daga Ikko ta kamo hanya da shi. Yau ya tsallake gadar Jebba, gobe 'yan fashi sun tare shi ya sayar musu da dariya ya wuce. Kontagora, Yawuri, Koko, duk ta san su, ita da ba ta taɓa wuce kasuwar Jega ba. Amma da ya iso Maiyama, nan bakin hancinmu, sai taya ta fashe, ko wani ya roƙe shi ya koma da kaya. Mu yi ta ihu.

"Inna, don Allah ki kai shi gida!"

"Mi kuke sauri? Ku bari shi gama abin da ya kai shi."

Mun san muna da kawu, wan mahaifiyata, da ya bi motar albasa daga Aliero tun ba a haife mu ba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shi ne ɗan farin Inna. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna kewarsa a gaban mutane. Ba mu taɓa jin ta ambace shi ba, don haka ba mu haɗa komai ba.

A sanyin da ciwo ya kwantar da ita, ta sa aka fito da ita bakin wuta. Muryarta ta dushe, amma ta tuƙo Labbo har ya wuce Maiyama, ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama.

"Uwar ba ta ɗaga kai ba," in ji Inna. "Ta ce, ku ba baƙo ruwa."

"Shi ke nan? Ba ta rungume shi ba?"

"Shi ke nan. Ai ta ji muryatai."

Na ga hawaye na bin kuncinta, ta ce hayaƙi ne. Mahaifiyata ta tashi da sauri ta shige ɗaki. Kafin a cire albasar shekarar Inna ta rasu.

Sai da na girma na gane abin da wasan nan ya ba ta. Ya ba ta sunan da za ta iya kira da ƙarfi a tsakar gidanta ba tare da kunya ba. Mu muna ta dariya, ita kuwa ɗanta take kira kowane dare, a gabanmu. Abin nan yana ci mini rai har yau.

Kawu bai dawo ba. Ni kuwa duk motar albasa da ta rage gudu a Maiyama, sai na leƙa fuskar direban.