Yadda Tukunyata Mai Kauri Ta Ɓace

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na faɗa a zauren Sarkin Maƙera. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma na san abin da na ɓoye.

A shekarun tamanin ina zubin tukwanen dalma a Unguwar Shanu. Tukunyata gindinta da kauri, masu tuwon sayarwa ke nemanta don ba ta ƙona tuwo. A Hayin Banki akwai wani maƙeri da muka koyi sana'a tare, tasa ba nauyi, ga araha. Mu biyu ne kaɗai a wannan ɓangaren. Mace za ta ƙwanƙwasa tukunyata ta ce, "Malam, na Hayin Banki ya fi ka sauƙi." Sai in sassauta. Ta je can ta ce masa tasa kamar gwangwanin madara, dole ya ƙara kauri.

Da dalma ta yi tsada, sai ya zo mini da shawara mu haɗe: rumfa ɗaya, wuta ɗaya. A ƙa'idarmu sai Sarkin Maƙera ya yarda. Ya kira mu, ya kuma kira wata dattijuwa, shugabar masu tuwo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in suka haɗe, wa zan yi wa barazana da wa?"

Aka yi dariya. Sarki bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ne babba. Kuna gasa da juna, ko kowa da kasuwarsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tukunyarmu ba iri ɗaya ba ce. Mai son kauri ba ya zuwa wurinsa, mai son araha ba ya zuwa wurina. Dukansu za mu ci gaba da yi."

Dattijuwar ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Sau nawa na bar rumfarka na nufi Hayi, ka biyo ni har bakin titi?"

Na gaji da ciniki ne, ina son ranar da ba mai ce mini wani ya fi ni sauƙi. Sarki ya amince.

Wata uku muka yi muna zuba iri biyu. Sai na kwanta zazzaɓi na mako guda. Da na dawo, na nemi uwar tukunyata, wadda nake dannawa a yashi in fitar da siffa, ban gan ta ba. Ita maigidana ya ba ni ranar da ya yaye ni.

Abokina ya ce, "Na narka ta. Tana cin dalmar tukunya biyu. Yanzu ina masu saye za su je, ɗan'uwa?"

Ya koma sayar da tasa marar kaurin a farashin tawa. Ban kai ƙara ba. Da wane baki?

Bayan damina dattijuwar ta zo da tukunya a ka, gindin ya huje. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ta a gabana ta ce, "Tuwon mutum talatin ya zube a murhu. Kai na yarda da kai, ba shi ba." Ba ta sake gaishe ni ba har ta rasu.

Ku da ke da sana'a, in aka tambaye ku ko haɗewarku za ta cuci masu saye, don Allah ku faɗi abin da kuka sani, kada ku yi irin tawa.